Yawon Kogin Nilu Kai Kaɗai

Idan za ka shiga jirgin ruwan yawon buɗe ido a Kogin Nilu kai kaɗai, fara daga Aswan zuwa Luksor. Yawanci kwana 3 ne, saɓanin kwana 4 in ka taso daga Luksor, don haka kuɗin kan ragu. Daga Yuni zuwa Agusta farashi kan sauka saboda zafi, wanda ba baƙo ba ne ga mutumin Sakkwato. Amma ɗakunan jirgin na mutum biyu ne, shi ya sa ake ƙara wa mutum ɗaya kuɗi. Tambayi adadin ƙarin kafin ka biya.

Abokai kuwa a wurin cin abinci ake samunsu. Roƙi a zaunar da kai cikin jama'a, ka yi gaisuwa, ka miƙa dabino. Kafin jirgi ya tsaya a garin Edfu da ke kan hanya, kun saba. Ɗan'uwa, kada ka kulle kanka a ɗaki.