Amsoshin Tambayoyinku: Yaya bluegrass ya haɗu da rock a faifai ɗaya?

Wani mai karatu daga Zariya ya rubuto mana cewa ya ji labarin makaɗan bluegrass da suka fitar da faifai mai gauraye da folk da country da rock. Yana tambaya, shin waɗannan ba duk kiɗan Amurka ɗaya ba ne da aka sauya wa suna?

Madalla da wannan tambaya, ɗan'uwa. Dangin juna ne, amma kowanne da halinsa. Folk waƙoƙin gargajiya ne da aka gada baki da baki. Country kiɗan mutanen karkara ne na kudancin Amurka, shi kuwa rock an san shi da ganguna da jita mai lantarki.

Mutane da yawa suna ɗaukar bluegrass tsohon kiɗa ne na kaka da kakanni, amma bai kai shekara ɗari ba. Sunan ya fito ne daga ƙungiyar Bill Monroe, ɗan jihar Kentucky, wadda ya kira Blue Grass Boys. Salon ya zauna da gindinsa a 1945, lokacin da Earl Scruggs ya shigo yana kaɗa banjo da yatsu uku cikin tsananin sauri. Banjo kuwa tsatsonsa na Afirka ta Yamma ne, bayi suka kai fasaharsa Amurka, shi ya sa in ka ga fatar da aka ɗaure a kansa za ka tuna da gurmi. Ƙa'idar bluegrass ta asali ita ce kayan tsirkiya zalla: ba ganga, ba lantarki.

Wannan ƙa'ida ce makaɗan ƙungiyar The Dillards, 'yan garin Salem na jihar Missouri, suka karya a faifansu Wheatstraw Suite, wanda kamfanin Elektra ya fitar a 1968. Suka riƙe banjo da mandolin, wata ƙaramar jita mai kaifin murya, suka riƙe haɗa muryoyi irin na bluegrass. Sai suka ƙara ganguna daga rock, da jitar nan ta country da ake kwantarwa ana goga mata ƙarfe tana kuka, har suka rera wata waƙar ƙungiyar Beatles.

Aikin sutudiyo ne ya ba da damar haka. A dandali ganga za ta danne mandolin, amma a sutudiyo ana ɗaukar sauti kashi-kashi, injiniya ya rage wannan ya ɗaga wancan, mawaƙi ma ya ɗora muryarsa a kan muryarsa. A ganina muryoyin ne suka riƙe faifan. Ba don su ba da ya zama kwamacala.

Masu ra'ayin riƙau ba su ji daɗi ba, amma matasan makaɗan Los Angeles sun kasa kunne. Shi Doug Dillard, mai banjon ƙungiyar, ya riga ya fita kafin faifan, ya haɗu da mawaƙi Gene Clark. Cikin waɗanda suka yi kiɗa da su biyun akwai Bernie Leadon, wanda da shi aka kafa ƙungiyar Eagles a 1971.