Darasi: Kwamfutar da Ke Tashi Yau, Ta Ƙi Tashi Gobe

'Yan'uwa manoma, ƙungiyoyin gama kai da yawa yanzu suna ajiye lissafinsu cikin kwamfuta: sunayen membobi, kuɗin adashi, da bashin taki da iri. Amma akwai wata wahala da kowane magatakarda a ƙasar Makoda, daga Koguna har iyakar Dambatta, yana iya gamuwa da ita. Jiya an kunna kwamfuta ta tashi lafiya, yau kuwa an danna ta yi shiru. In wannan ya faru ranar karɓar bashi, gardama za ta tashi, gama ba mai iya tuna abin da ake bin kowa.

Mai injin ban ruwa ba ya kwance injinsa sai ya duba mai da fulogi tukuna. Haka mu ma za mu yi. Mu fara da abu mai sauƙi, mu gwada abu ɗaya ɗaya, domin mu san wanda ya yi magani.

1. Ku rubuta abin da kuka gani. Da safe ta ƙi tashi, ko da tsakar rana? Fitilarta ta kama? Fanka ta juya? Ta yi ƙara, sau nawa? Ciwon da ke zuwa yana tafiya yakan ɓuya a gaban mai gyara, sai wannan rubutu ya nuna masa hanya.

2. Ku duba wuta. Sau da yawa laifin a nan yake. Wutar gidajenmu bolt 230 ce, amma takan sauka ƙasa da haka, ƙaramin janareta kuma wutarsa takan yi sama da ƙasa. Masu amfani da hasken rana su lura, batir yakan wayi gari da rauni bayan aikin dare. Ku sake soket, ku gwada wata waya ko wata caja daidai da tata. In fitilar caja tana ɗaukewa sa'ad da aka motsa wayar, to, wayar ta karye a ciki.

3. Ku cire dukan abin da aka jona mata, kamar filash da na'urar buga takarda. Ku zare ta daga wuta, ku fitar da batir in mai fita ne. Ku danne maɓallin kunnawa wajen daƙiƙa 30, sa'an nan ku mayar ku gwada.

4. Ƙura da zafi. Ƙurar hunturu takan toshe fanka da ƙofofin iska. Da bazara kuwa zafi yakan wuce digiri 40 a ƙasar Kano, balle a ɗaki mai rufin kwano. Kwamfuta in ta yi zafi ƙwarai takan kashe kanta, ta ƙi tashi sai ta huce. Ku share ƙofofin da busasshen buroshi mai laushi. Kada ku aza ta bisa katifa ko buhu.

5. In fanka tana juyawa amma fuskar ta zauna baƙa, mai yiwuwa ne siririn allon nan da ake kira RAM ya saki. Girgizar babur a hanya takan jawo haka. Wanda ya iya, sai ya zare wuta, ya cire allon, ya mayar da shi har ya zauna sosai.

6. In kwanan wata da agogo suna komawa baya kullum, ƙaramin batir na ciki ya ƙare. Kamar kwabo yake, mai bolt 3, yawanci an rubuta CR2032 a kansa. Ba shi da tsada.

Gargaɗi: kada kowa ya buɗe akwatin wuta na babbar kwamfuta, gama yana riƙe wuta ko bayan an zare waya. In kun ji ƙauri, ko rumbun ajiyarta yana ƙas-ƙas, ku daina kunnawa, ku kai ta wurin mai gyara a Dambatta ko Kano tare da takardar da kuka rubuta.

Abu mafi muhimmanci shi ne wannan: ranar da ta yarda ta tashi, kafin kome, ku kwafe lissafi cikin filash biyu, ɗaya wurin magatakarda, ɗaya wurin ma'aji. Kada kuma ku yar da littafin lissafi na takarda. Rigakafi ya fi magani. Ana iya sayen wata kwamfuta, amma amanar da ke tsakanin membobi ba a samunta a kasuwa.

Tambayoyi domin tattaunawa:
(a) In kwamfutarmu ta mutu yau, ina za mu sami lissafin bashin bana?
(b) Wane ne zai riƙa kwafe lissafi, a wace rana ta mako?
(c) Ɗakin da muke ajiye ta yana da iska, yana kuwa tsare ta daga ƙura?