Kafin Ki Sayi Kifin Ƙanƙara, Ki San Tekun da Ya Fito

Tambaya: Malam, ina da juna biyu, kuma an ce mini kifin teku na ɗauke da guba. In daina ci ne?

Amsa: Kada ki daina, Hajiya. Kifi na gina ƙwaƙwalwar jaririn da ke cikinki. Abin lura biyu ne: irin kifin, da ruwan da ya rayu a ciki.

Sinadarin zaiba da ke fitowa daga ƙona kwal da haƙar zinare yana gangarawa teku. Ƙananan halittu su sha, ƙaramin kifi ya cinye su, babba ya cinye ƙaramin, gubar tana taruwa a tsoka. Shi ya sa kifin shak da manyan tuna, masu tsawon rai da cin 'yan'uwansu, suka fi ɗaukar ta. A Minamata ta Japan, inda wata masana'anta ta riƙa zuba zaiba a ruwa, an gano cutar da gubar zaiba ke haddasawa a 1956, aka kuma haifi yara da lalurar ƙwaƙwalwa saboda kifin da iyayensu mata suka ci.

Tekuna ma sun bambanta. Tekun Baltik kusan a rufe yake, ruwansa ba ya saurin sauyawa, don haka dattin masana'antu irin su dayoksin da PCB ya daɗe a cikinsa. Hukumar abinci ta Suwidin na shawartar yara da mata masu shekarun haihuwa kada su ci kifinsa mai kitse fiye da sau 2 zuwa 3 a shekara. Tuna na Bahar Rum ya fi na Atlantika zaiba, kuma duwatsun yankin masu arzikin wannan ma'adini na cikin dalilan. A gaɓar Neja Delta kuwa, malalar ɗanyen mai ce matsalar, kamar yadda rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan yankin Ogoni ya nuna a 2011.

To, me za ki yi? Ki fi son ƙananan kifaye kamar sadin, shawa da titus, sau 2 zuwa 3 a mako, kina sauya iri. Ki bar shak da manyan tuna har sai kin yaye. Ki roƙi mai kifi ya nuna miki kwalin, domin galibi akwai lambar yankin kamu: 27 arewa maso gabashin Atlantika ce, 34 gaɓar Afirka ta Yamma, 37 Bahar Rum.

Wajen girki, ki cire fata da kitsen ciki, ki gasa yadda man zai tsiyaye, domin a kitse dayoksin ke zama. Amma zaiba na cikin tsoka; wanki ko suya ba sa fitar da ita. Maganinta tun a kasuwa yake, lokacin zaɓe.