Kada ka jona batirin mota a injin kwale-kwale

Wanda ya sayi ƙaramin injin lantarki na kwale-kwale, irin wanda masunta ke lallaɓawa da shi ba ƙara, yawanci batirin mota yake fara jona masa. Asarar kuɗi ce. Batirin mota an ƙera shi ne ya ba da wuta mai ƙarfi na 'yan daƙiƙu, mota ta tashi, shi ke nan. Wannan injin kuwa awa da awanni yake zuƙa, saboda haka batiri mai jure doguwar zuƙa yake so, irin na sola. Za ka ce na mota ya fi araha, kuma yana juya farfela. Haka ne, amma duk lokacin da ya ƙare ƙaf, farantan dalmar cikinsa suna lalacewa, ba zai daɗe ba.

Ko na sola ma, in na dalma ne, kada ka sha fiye da rabinsa. Mai 100Ah, in injin na jan amfiya 20, awa biyu da rabi ke nan. Ranar da ka dawo ka sa masa caji, a wuri mai iska, domin yana fitar da iskar da ke kama wuta. Ka kuma sa fis a jar waya, dab da kan batirin.