Tufka Da Warwara A Jikin Ƙwayar Sanƙarau

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, nufina yau in yi muku bayani a kan wata 'yar halitta wadda ba ta ganuwa sai da madubin likita, watau ƙwayar ciwon sanƙarau. Wani likita a birnin Biyana, Anton Weichselbaum, shi ya gano ta a 1887. Mu Hausawan Agege da Ogba mun san ɓarnarta, gama a 1996 ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe fiye da 11,000, galibinsu a Arewa, mahaifar iyayenmu.

To, yaya ta ke zama a maƙogwaro, majina ba ta share ta ba? Ashe waɗansu zare ta ke fitarwa daga jikinta, siraran gaske. Sai an jera fiye da 100,000 kusa da juna kafin faɗinsu ya cika milimita ɗaya.

Ga yadda ta ke yin su. A cikin fatarta ta ciki akwai 'yan guntayen furotin a ajiye, kamar tubali. Ƙarƙashinsu akwai wani ɗan inji mai kamar zobe, ɓangarensa 6, masana suna ce da shi PilF. Makamashinsa ATP ne. Duk sa'ad da ya ci makamashin sai ya motsa, a ƙara guntu a gindin zaren, zaren ya yi ta tsawo har ya fita ta wata kafa a fatar waje. Ku lura, daga gindi ya ke girma, kamar gashin kanmu.

In bakin zaren ya kama naman maƙogwaro, sai inji na biyu, PilT, ya shiga warwara, yana mai da guntayen ma'ajinsu. Zare ya gajarta, ƙwaya ta jawo kanta ta manne. A wurinmu tufka da warwara aikin banza ne, amma ita da shi ta ke rayuwa.

Mutum yakan ɗauke ta a maƙogwaro yana lafiya lau, ya ba wani ta tari ko atishawa. Saboda haka in an ba mu aji, mu buɗe tagogi, mu rage cunkoso, mu kuma roƙi iyaye su kai yara allurar rigakafi. Yaron da zazzaɓi ya kama har wuyansa ya sanƙare, a kai shi asibiti nan take, kada a jira gari ya waye.