Darasin Raɗaɗi da Darasin Jaraba, a Haɗa Su Aji Ɗaya

Wani malami da ke koyarwa a sashen haɗa magunguna ya tambaye ni yadda zai koyar da magungunan kashe raɗaɗi masu ƙarfi, ba tare da ya yaye masu rabon ƙwaya ba. Malam, kada ka koyar da raɗaɗi a zangon farko, ka bar jaraba sai an je darasin ƙwaƙwalwa. Mutum ɗaya ne zai zo da su gaban ɗalibinka.

Amurka ta isa misali. A 1996 kamfanin Purdue Pharma ya fito da OxyContin, aka yi ta gaya wa likitoci cewa da wuya ya kama mutum. Suka saki hannu wajen rubutawa, aka yi asarar dubban rayuka. Mu kuma namu ya sha bamban. Tun kafin gwamnatin Najeriya ta haramta maganin tari mai kodin a Mayun 2018, bayan binciken BBC, kodin da tiramol sun cika unguwanni, alhali mai ciwon daji a gadon asibiti yana kwana yana nishi, ana tsoron ba shi mofin.

Fara da kai ɗalibanka gefen gado. Mai sikila ne babban malaminsu. Su gan shi cikin dare ya dunƙule, gumi na tsatstsafo masa, ba ya son a taɓa ko zanin gadon. Ɗalibi ya durƙusa ya tambaya: "Sannu, ina ne ke ciwo? Suka yake ko zogi? Daga 0 zuwa 10, nawa za ka ba shi?" In tsohuwa ce da lissafi bai dame ta ba, ya ce: "Iya, ya hana ki barci? Kina iya ruku'u?" Wannan amsar ta fi lamba. Kuma ka hana su kalmar "ɗan ƙwaya". Wanda ya san sunan allurar da ke yi masa aiki, sau da yawa daɗewa da ciwo ne ya koya masa.

Amma su duba cinyoyinsa da damatsansa. Wanda ya saba yi wa kansa allurar fentazosin, wadda ake kira fenta, za ka ga naman wurin ya yi tauri kamar itace, ga tabo, wani lokaci da gyambo. Nan ne za ka bambance musu abu biyu da ake cakuɗawa: sabon jiki, inda tsayar da magani farat ɗaya ke kawo hamma, gumi da gudawa, sai a rage a hankali, da jaraba, inda mutum ke ci gaba da nema ko da abin na rusa masa gida. Na biyun ciwo ne mai magani, sai a tura shi asibitin ƙwaƙwalwa. Faɗa ba ya warkar da shi.

Matakalar maganin raɗaɗi mai hawa uku ta Hukumar Lafiya ta Duniya, ta 1986, su haddace ta: farasitamol da danginsa, sai irin su kodin, sai mofin. Tiramol kada ya wuce miligiram 400 a yini, don yana kawo jijjiga. Duk wanda aka ɗora a kan mofin, a haɗa masa da maganin bushewar ciki tun ranar farko.

Ga 'yan haɗa magunguna, shirya musu wasan kwaikwayo a aji. Ɗaya ya zama saurayin da ya zo kemis da takardar likita an goge kwanan wata, yana cewa "Yallaɓai, taimaka, mamana ce." Ɗayan ya koyi ƙin bayarwa ba tare da tozarci ba, ya kuma san inda zai tura shi.

Ranar jarrabawa, ajiye takarda. Kwantar da mutum-mutumin gwaji, ka ce numfashi ya ragu, ƙwayar ido ta tsuke kamar kan allura, an ba shi mofin awa ɗaya da ta wuce. Sa kwalbar nalokson, mai karya ƙarfin mofin, cikin sauran magunguna a kan tire, ka duba agogonka.