Kwamfutocina Sun Tsufa, Kuɗi Babu

Tambaya: Malam, ina zanen katin biki da allunan talla a Madarunfa. Kwamfutocina biyu sun tsufa, Photoshop sai daskarewa yake, kuɗin sabuwa kuwa babu. Yaya zan yi?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka ci bashi tukuna. Kai guda ɗaya Maraɗi a sa mata SSD, a ƙara RAM zuwa giga 8 in tana ɗauka. Tun daga kunnawa za ka ga bambanci. Tambari da katin biki Inkscape na yin su sarai, gyaran hoto kuma GIMP, duk kyauta. Manhajar sata kam, guje ta, cuta take kwasowa.

Sayi batirin ajiyar wuta saboda ɗaukewar lantarki, ka riƙa kakkaɓe ƙurar hunturu daga fankar kwamfutar. Manyan alluna kuwa, tura su maɗaba'a a PDF.